Me ke sa magidanci ya biya kuɗi don ya yi gudun kilomita 42?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni dattijo ne mazaunin Makka, wajen Shara Mansur. Babban yarona yana aiki a Jidda, ya kusa shekara 40, yana da mata da 'ya'ya. Tun bara ya tsiro da wata ɗabi'a, kafin asuba ya fita gudu a bakin teku. Yanzu kuma wai ya biya kuɗi ya yi rajistar gudun fanfalaki na Riyad, kilomita 42. Na tambaye shi ko zai ci kyautar, ya yi dariya ya ce ko na dubu ba zai zo ba. Mu dai mun san in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Ba wanda ya biyo shi, ba abin da zai samu. Me ke sa mai hankali ya yi wa kansa haka? Kuma ba zai illata kansa ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya ƙara girma, ya bar mana ku. Aikina gashin ƙashi da tsoka ne a wani asibiti a nan Jidda, kuma ina horar da masu gudun nesa, don haka irin ɗanku su ne mutanen da nake wuni da su. Ban san shi ba, ba zan ce ga abin da ke zuciyarsa ba, amma zan gaya muku abin da na saba gani ga sa'o'insa.

Gaskiyarku, banza ba ta kai zomo kasuwa. Nisan nan kilomita 42 ne da mita 195. In kuna son ku auna shi da abin da ƙafarku ta sani, ya haura a yi cikakken sa'ayi tsakanin Safa da Marwa sau 13 a jere, ba zama. Gwanayen duniya suna gama shi cikin awa biyu da 'yan mintuna. Marigayi Kelvin Kiptum ɗan Kenya ya yi shi cikin awa 2 da daƙiƙa 35 a Chicago a 2023. Mutum irin ɗanku zai yi awa huɗu ko biyar a kan titi, lokacin da zai iso wanda ya yi na ɗaya ya yi wanka ya ci abinci. A cikakken gudun farko da aka yi a Riyad ranar 5 ga Maris 2022, 'yan Habasha ne suka lashe na maza da na mata. Kuɗin kyauta na waɗannan ne, gudu sana'arsu ce, da ita suke ci da iyali. Sauran dubban da ke bayansu, kowa da abin da ya fito da shi daga gida.

Yawancinsu likita ne ya fara koro su. Kun san zamanmu a ƙasar nan. Daga ɗaki mai esi zuwa mota mai esi zuwa wurin aiki mai esi, ko bakala, wato kantin da ke ƙarshen layi, sai an tada mota. Da rana kabsa, da dare mandi ko soyayyar kaza, shayi kuwa sai sukari ya kwanta a gindin kofi. Saudiyya tana cikin ƙasashen da ciwon suga ya fi yawa a duniya, shi ya sa a cikin shirin nan na raya ƙasa na 2030 hukuma ta sa burin ɗaga masu motsa jiki aƙalla sau ɗaya a mako daga kashi 13 cikin ɗari zuwa kashi 40. Sai mutum ya je mustausaf, wato ƙaramin asibiti, da ciwon kai, a auna shi a ce jini ya hau, suga yana bakin ƙofa. Ko ya hau bene hawa biyu ya tsaya yana haki a gaban ɗansa. Ko a kira shi jana'izar abokin da suka yi makaranta tare. Washegari ya sayi takalmi.

Sai dai in ɗanku ya ce muku don lafiya zai yi kilomita 42, rabin magana ya faɗa. Lafiya ba ta buƙatar wannan nisa. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako sun isa a ga amfani. Mai sassarfar kilomita biyar sau uku a mako ya kwashi mafi yawan ribar. Wasu masana halayyar ɗan Adam a Amurka, Masters da Ogles da Jolton, sun tsara ma'aunin dalilan masu gudun maraton, wato wannan gudun fanfalaki, a 1993, suka fitar da dalilai tara, kuma biyu kacal daga ciki suka shafi jiki, wato lafiya da rage ƙiba. Sauran duk na zuci ne da na zaman tare: cim ma buri, gasa, son a san da kai, abota, ganin ƙimar kai, neman ma'anar rayuwa, da sauke damuwa. Abin da na gani da idona ya yi daidai da nasu. Dalilin da ya sa mutum ya fara daban, wanda ya hana shi dainawa daban.

Wanda na fi yawan tararwa a cikin mutanenmu, kuma ba kasafai suke iya faɗarsa ba, shi ne wannan. Magidanci ɗan shekara 40 a nan, kusan duk abin da ya shafi rayuwarsa a hannun wani yake. Sabunta iƙama, takardar izinin zama, sai kafili, wanda ya tsaya maka, ya motsa. Ƙarin girma a wurin aiki, wanda ka koya wa aiki jiya ya wuce ka yau don yana da wasɗa, wato uwa a gindin murhu. Wasu a nan aka haife su, aka haifi iyayensu, amma har gobe takarda ce ke yanke musu inda za su tsaya. Ga kuɗin haya, ga na makaranta, ga 'yan'uwa a gida Najeriya ko Nijar ko Sudan suna jiran aike. Mutum ya yi shekara goma yana ƙoƙari, bai ga inda ƙoƙarin ya tafi ba. Sai ya shiga gudu, ya tarar da wani abu da ke biyan sa daidai gumin da ya zuba. Ka yi atisaye wata uku, agogo zai nuna. Ka yi lalaci, agogo zai nuna. Ba ya tambayar ɗan wane ne kai, ba ya duba launin takardarka, kuma ba mai iya yi maka alfarmar ko da kilomita ɗaya.

Akwai wani direba da na taɓa horarwa, mai teɓa, wanda farkon zuwansa Kornish, titin bakin tekun Jidda, ba ya iya gudu daga wannan turken fitila zuwa na uku sai ya dafa gwiwa. Yana da wani ɗan littafi mai baƙin bango da yake rubuta kuɗin mai a ciki, sai ya juya bayansa ya fara rubuta nisan da ya yi kullum da biro. Ranar da ya fara cika kilomita goma ba tsayawa, bai yi wa kowa magana ba. Ya zauna a kan dakalin siminti, rigarsa sharkaf, ya buɗe littafin yana bin shafukan baya da yatsa. Da na matso, abin da ya ce kawai shi ne, "Malam, ashe ni ma ina iya gama abu." Mutumin nan yana da 'ya'ya har da ta aure.

Kuma kada ku ɗauka don ba ya neman na ɗaya ba ya gasa. Yana yi, da wata lamba da ya sa wa kansa. Wasu masu bincike sun tattara lokutan gama maraton kusan miliyan goma daga wurare daban-daban, suka ga mutane sun yi cincirindo daf da cikar awa uku, awa uku da rabi, awa huɗu, sannan adadin ya faɗi da zarar an wuce. Ma'ana, mutum ya gaji liƙis, amma da ya duba agogo ya ga zai iya shiga kafin awa huɗu ta cika, sai ya tattaro ragowar ƙarfinsa. Ba mai ba shi ko riyal ɗaya don ya yi awa 3 da minti 59 maimakon awa 4 da minti 1. Ku tambayi ɗanku lambarsa. Na tabbata yana da ita, ko matarsa ba lallai ta sani ba.

Sai kaɗaici irin wanda ake nema da gangan. Gidajenmu a cike suke, alhamdu lillahi, waya kuma ba ta daina ƙara. Awa ɗayan nan kafin gari ya waye ita ce kaɗai wadda ba mai cewa Baba kawo, ba shugaban aiki, ba saƙon neman taimako. Wasu suna yin azkar ɗin safe a ciki, wasu muraja'ar hadda, wasu ba sa tunanin komai, kuma shi ne abin da suka zo nema. Jiki ma yana da nasa hannun a ciki. Dogon gudu yana sa a saki wasu sinadarai da ke rage jin zafi, su kwantar da fargaba. An daɗe ana danganta abin da sinadarin endofin, amma binciken baya-bayan nan ya fi karkata ga wasu da ake kira endokanabinoyid, waɗanda jiki ke haɗawa da kansa. Ba kowa ke jin daɗin nan da ake zuzutawa ba, wasu sai gajiya zalla, amma barci mai nauyi da raguwar fushi kusan kowa yana samu. Matan aure da yawa sun fi mazajen lura da wannan.

Mai baƙin ciki ma yana gudu. Fauja Singh, wani dattijo ɗan Indiya da ya zauna a Landan, ya rungumi gudu ne bayan rasuwar matarsa da ɗansa, ya yi maraton ɗinsa na farko yana da shekara 89. Terry Fox, matashi ɗan Kanada da ciwon daji ya sa aka yanke masa ƙafa, ya yi kwana 143 yana gudu da ƙafar roba a 1980, ya ci kilomita 5,373 don tara kuɗin binciken cutar, kafin ta kama huhunsa ta tsayar da shi. Gudun Landan kaɗai ya tara wa ƙungiyoyin agaji sama da fam biliyan ɗaya tun da aka fara shi a 1981. A cikin namu na ga wanda ya sa 'yan'uwa da abokai suka yi masa alkawarin riyal kaza kan kowace kilomita, aka haɗa aka haƙa rijiya a ƙauyensu da sunan mahaifiyarsa. Irin waɗannan su ne mafi wuyar tsayarwa a hanya, ko da ƙafa ta kumbura.

Ga kuma jama'a. Ku zo Kornish da sassafen Juma'a lokacin sanyi, za ku ga injiniya Basa'ude, ma'aikacin jinya ɗan Filifin, Basudane, ɗan Pakistan da Bahaushe sun jeru suna haki tare, a gama a tafi cin ful da tamis. Mutanen da in ba don gudu ba ko gaisuwa ba za ta haɗa su ba. Sau da yawa abin da ke tada mutum daga barci ba ƙarfin hali ba ne, kunyar waɗanda ke jiransa ce.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai son a sani. Akwai wanda in bai ɗora gudunsa a manhajar masu gudu ta Strava ko ya watsa hoton lambar yabo a WhatsApp ba, ji yake kamar bai yi ba. Ni ban cika tsananta musu ba, don na ga da yawa sun shigo saboda hoto, suka zauna saboda abin da ya fi hoto. Wanda hoton kaɗai ya riƙe shi kuwa, ba ya wuce gudu ɗaya. Watanni huɗu na tashin asuba sun fi ƙarfin riya.

Mata su ma da nasu dalilin, kuma ya fi na maza kaifi, domin an daɗe ana gaya musu ba za su iya ba. A 1967 wani jami'in gudun Boston ya yi ƙoƙarin fizge lambar Kathrine Switzer tana tsakiyar gudu, kuma sai a 1984 aka sa maraton na mata a gasar Olamfik. Sarah Attar ta wakilci Saudiyya a maraton na Olamfik a Rio a 2016. Na kawo wannan ne don kada ku yi mamaki in wata rana jikarku ta ce za ta yi kilomita goma da ake haɗawa da babban gudun a Riyad. Kun fi ni sanin hadisin da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha ta wuce shi, bayan shekaru suka sake ya wuce ta, ya ce wannan ramuwar waccan ce.

To me ya sa sai 42, ba 21 ba? Saboda abin da ke faruwa wajen kilomita 30 zuwa 35. Jiki yana ajiye sukari a tsoka da hanta, kimanin kalori 2,000, mai gudu kuma yana ƙona kusan kalori ɗaya kan kowane kilo na nauyinsa a kowace kilomita. Mai kilo 70 zai buƙaci kusan 3,000 kafin ya kai. Lissafi bai cika ba. In sukarin ya ƙare sai jiki ya koma kan kitse, alhali sukari kamar busasshen kara yake, nan take ya kama, kitse kuwa gungume ne mai ci a hankali. A nan ƙafa ke yin nauyi, tsoka ta ɗaure, kai ya fara kawo hujjoji masu kyau na a tsaya. Masu gudu suna kiran wurin bango. Rabin maraton ba ya kai mutum can. Abin da ɗanku ya biya kuɗi ya gani shi ne wane ne shi a kilomita 35, lokacin da ba sauran ƙarfi sai niyya.

Wannan kuwa bai kamata ya zama baƙo a gidajenmu ba. Da yawanmu a Makka da Madina da Jidda jikokin mutanen da suka taho da ƙafa ne, ta Borno, ta Wadai, ta Darfur, suna tsayawa su yi noma ko ƙwadago su sami guzuri, wasu shekaru kafin su ga Bahar Maliya a Sawakin ta Sudan. Garin Mai Wurno da ke bakin kogin Shuɗin Nilu a Sudan mutanen Sarkin Musulmi Attahiru ne suka kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903. Ba ina haɗa gudun wasa da tafiyar ibada da hijira ba ne, Allah ya kiyaye. Su dole da imani suka taso su. Abin da nake cewa shi ne sun san iyakar jikinsu, ku ma kun sani, don kun yi aikin ƙarfi a rana. Ɗanku ya taso wahalarsa duk ta kai ce, ta takarda da lissafi, jikinsa bai taɓa gaya masa inda ya tsaya ba.

Yanzu batun illa. Za ku ji ana cewa wanda ya fara wannan gudu, ɗan saƙon Girka da ya taho daga filin yaƙin Maraton zuwa Atina shekara 490 kafin haihuwar Annabi Isa, faɗuwa ya yi ya mutu yana isowa. Herodotus, wanda ya rubuta tarihin yaƙin kusa da zamanin, bai kawo wannan ba, sai bayan ɗaruruwan shekaru labarin ya bayyana. Alƙaluman zamaninmu sun fi amfani. Wani bincike a Amurka ya bi masu maraton da rabinsa miliyan 10.9 daga 2000 zuwa 2010, aka sami mutum 59 da zuciyarsu ta tsaya, kusan ɗaya cikin 184,000, yawancinsu maza masu ciwon zuciyar da ba su san da shi ba. Haɗarin kaɗan ne, amma ga namiji mai shekara 40 ba abin wasa ba ne. Ya ga likita kafin ya tsananta atisaye, a auna jini da suga da kitsen jini, a yi gwajin bugun zuciya, musamman in a dangi akwai wanda ya yi mutuwar fuju'a da ƙuruciya. In yana jin ciwon ƙirji, jiri, ko numfashi na sarƙewa fiye da ƙima, ya tsaya nan take. A ɗaya gefen kuma, an bi wasu da suka yi gudun Landan karo na farko, aka ga watannin atisayen sun sassauta musu babbar jijiyar jini, hawan jini ya ɗan sauka.

Abin da ya fi ba ni tsoro a nan shi ne zafi, musamman na Jidda mai gumi, inda zufa ba ta bushewa balle ta sanyaya jiki. A gasar duniya ta Doha a 2019, da tsakar dare aka fara maraton na mata, duk da haka 28 cikin 68 ba su gama ba, kuma gwanaye ne. Shi ya sa ake yin na Riyad a watannin sanyi. Da bazara ya rage nisa, ko ya koma kan injin gudu a ɗaki. Da azumi, bayan tarawihi ya fi. Ruwa kuma a sha daidai ƙishi, kada a ɗura. A gudun Boston na 2002 an sami kashi 13 cikin ɗari na waɗanda aka gwada gishirin jininsu ya yi ƙasa saboda yawan shan ruwa, kuma wannan yana iya kisa. Ya guji haɗiyar maganin ciwon jiki irin su ibuprofen kafin gudu, yana wahalar da ƙoda. Masu zuwa wurina da ciwon gwiwa da ƙwauri da dunduniya, kusan dukkansu gaggawa ce ta kawo su. Wanda ya riga ya saba gudu yana buƙatar mako 16 zuwa 20 na shiri, yana ƙara nisa kaɗan-kaɗan, da ranakun hutu, har dogon gudunsa ya kai kilomita 30 ko 32.

Inda za ku sa baki a matsayinku na uba shi ne in gudun ya fara cin haƙƙin wani. In sallar asuba tana kuɓuce masa a jam'i, in iyali suna kukan ba sa ganinsa, in yana gudu a kan rauni ya ƙi hutawa, in rashin fita na kwana ɗaya yana sa shi faɗa da kowa, ko yana cin bashi don takalmi da agogo. Akwai masu gudu don su guje wa matsalar da ya kamata su zauna su warware, kuma titi ba ya biyan bashi, ba ya sulhunta aure. Ku kira shi ku tambaye shi, ba da faɗa ba: me ya sa ka fara, nawa ne mafi nisan da ka yi, ka ga likita? In amsoshin sun zauna, ku sa masa albarka.

Bayan ya dawo daga Riyad za ku gan shi yana tafiya a karkace, saukowa daga bene da sujada suna ba shi wuya, wataƙila farcen ƙafa ɗaya ko biyu su yi baƙi. Wannan ba komai ba ne, ciwon tsokar ya fi tsanani a rana ta biyu, yana lafawa cikin mako guda. Amma in fitsarinsa ya yi duhu sosai ko ya ragu, ko yana amai da ruɗewa, ko sha-raɓa ɗaya ta kumbura tana zafi, kada a tsaya shafa man zafi, a kai shi asibiti a ranar. Allah ya tsare, ya ba shi sa'a.